Tsofaffin fayilolin laburare a sabar zanen aisi: wace hanya za ka bi ka gano asalinsu?

Duk wanda ya gaji saba, wato babbar kwamfutar da ake zanen aisi a kanta (aisi shi ne ɗan guntun silikon mai ɗauke da da'irar lantarki), ko a ɗakin gwaji na jami'a ko a wani ɗan kamfani a Wuse 2 ko Jabi, ya san wannan folda. Sunanta `libs_old`, ko `pdk_backup2`, ko kuma sunan wani injiniya da ya bar Abuja ya tafi digiri na uku a waje. A cikinta akwai fayilolin `.lib` da `.lef` da `.gds` da `.db`, wato fayilolin laburare, tarin ƙananan tubalan da'ira da ake kira sel waɗanda ake harhaɗa zane da su, wasu an manna musu `_fixed` ko `_final` a wutsiya. Zane yana tafiya da su, rahoton lokaci yana fitowa fes, amma ba mai iya dafa littafi ya ce ga inda suka fito. Tun da ba mu da masana'antar ƙera aisi a Najeriya, duk zanen da aka kammala sai an tura shi waje, a biya da dala, a jira watanni. In laburaren da ka dogara da shi ba na wannan masana'antar ba ne, ko tsohon bugu ne da aka riga aka sauya, sai silikon ya iso hannunka za ka sani, lokacin kuwa kuɗi ya riga ya tafi.

Hanyoyi shida ne mutane ke kai-komo a kansu. Huɗu suna bincikar abin da ya wuce, ɗaya tana watsar da binciken gaba ɗaya, ɗaya kuma gobe kawai take gyarawa, ko da yake 'yan talla sukan nuna ta kamar maganin komai.

Abin da za a auna su da shi

Na farko, wace tambaya kake son a amsa maka? "Daga ina fayil ɗin nan ya fito" tambayoyi uku ne a dunƙule: wa ya yi shi kuma wane bugu ne, an taɓa shi bayan ya baro hannun mai shi ko ba a taɓa ba, kana da izinin amfani da shi ko ba ka da shi. Ba hanyar da ke amsa ukun duka. Wanda ya taɓa sayen fili a Abuja zai gane abin da sauri. Takardar da dillali ya nuna maka daban, binciken da ka yi a AGIS, ofishin rajistar filaye na Abuja, daban, safiyon da ka ɗauko ya auna ƙasa shi ma daban, kuma safiyo ba zai taɓa gaya maka ko filin na wani ne ba.

Sai ƙarfin hujja: alama ce kawai, ko tabbaci ne da za ka iya ajiye wa shugaban aiki a tebur. Sai kuɗi, har da lokacin injiniya da lasisin manhaja. Sai sauƙi: ɗalibin da ya iya Linux zai iya, ko sai gwani. Sai ɗorewa: in ka bar wurin gobe, amsar za ta zauna ko za ta bi ka. Na ƙarshe haɗari, wato abin da ita kanta hanyar ke iya ɓatawa.

Kowacce ka zaɓa, kada ka taɓa foldar asali. Ka naɗe ta da `tar` ko ka kwafe da `rsync -a`, ka rufe ta daga rubutu, ka yi aiki a kan kwafi. Umarnin `cp` in ba ka sa masa `-p` ba yana sauya ranakun fayiloli zuwa na yau. Filashin da aka tsara da FAT yana zubar da sunan mai fayil da mahaɗan da ke nuna wani wuri. Buɗe zane a sabuwar manhaja ka adana ko da bisa kuskure, shi ma yana goge shaida.

1. Karanta alamun da ke jikin fayil

Wannan ita ce mafi arha, kuma ita ce mutane suka fi rainawa. Yawancin waɗannan fayiloli rubutu ne zalla. Fayil ɗin Liberty, wato `.lib` mai lambobin jinkiri da shan wuta na kowane sel, wanda kamfanin Synopsys ya kafa tsarinsa, yana ɗauke da sunan laburare a layukansa na farko, galibi har da `date` da `revision` da `comment`, sannan `nom_voltage` da `nom_temperature`. Sunan fayil kansa yakan yi magana. Ɗauki `sky130_fd_sc_hd__tt_025C_1v80.lib`: tsarin SkyWater ne na nanomita 130, laburaren sel masu cunkoso, yanayin aiki na tsaka-tsaki, zafi digiri 25, wuta bolt 1.8. In sunan ya ce 1v80 amma `nom_voltage` na ciki ya ce wani abu daban, to wani ya sauya suna ko ya sa hannu a ciki. Fayil da ya fara da `tcbn65lp` na TSMC ne ta Taiwan, nanomita 65 mai ƙarancin shan wuta, kuma ganinsa kaɗai ya isa ka tashi neman takardar yarjejeniya.

Inda hanyar nan ta fi daɗi shi ne sunayen kamfanonin da suka ɓace, domin kowanne yana yanka maka shekara. Ka ga haƙƙin mallaka na Artisan Components, ka san tushen laburaren ya girmi 2004 ko ya zo daf da ita, shekarar da ARM ta sayi kamfanin. Virage Logic ta shiga hannun Synopsys a 2010. Avant!, mai tsarin Milkyway, Synopsys ta saye ta tun 2002. Nangate ta koma Silvaco a 2018. Sel da sunansu ya fara da `scs8hd`, ko fayil mai ambaton `s8`, sunayen da ake amfani da su ne kafin Google da SkyWater su buɗe PDK ɗin, wato ƙunshin fayilolin da masana'anta ke ba masu zane, ga kowa a 2020 da sunan sky130. Ita masana'antar SkyWater da ke Bloomington a jihar Minnesota ta Amurka ta Cypress ce har zuwa 2017. Amma a kula: tsohon suna yakan zauna a kan fayil shekaru bayan an sayar da kamfani, don haka yana gaya maka dangin laburaren ne, ba ranar da aka fitar da wannan bugun ba.

Tsarin folda ma shaida ne. A laburaren Cadence, in ka ga `layout.cdb` da `prop.xx`, tsohon tsarin CDB ne na zamanin IC5141. In `layout.oa` da `data.dm` ka gani, OpenAccess ne, wanda ya zo da jerin IC6.1. Idan kuma laburaren na OpenAccess ne amma komai na cikinsa yana da rana ɗaya da awa ɗaya, akwai yiwuwar an juyo shi ne da `cdb2oa`, ranar kuwa ta juyawar ce ba ta zanen ba. Foldoji masu suna `CEL` da `FRAM` Milkyway ne. Kada ka manta da `cds.lib`: layukan `DEFINE` da `INCLUDE` da `SOFTINCLUDE` su ne ke faɗin wace folda manhaja ke karantawa da gaske, kuma sau da yawa ba wadda kowa ke zato ba ce. Bi kowane layi da `readlink -f` har ka kai ƙarshe.

GDSII, wato `.gds`, tsarin ajiye zane da kamfanin Calma ya fitar a 1978, ba rubutu ba ne, amma yana ajiye rana ga laburare gaba ɗaya da kuma ga kowane sel. KLayout, manhajar duba zane, zai iya juya maka shi rubutu ka karanta. Sel ɗari uku masu rana ɗaya, guda biyu kuma masu ranar shekara biyu bayan nan: waɗannan biyun za ka fara dubawa.

Ranakun da tsarin kwamfuta ke nunawa su ne mafi rauni a cikin duk wannan. Sabar da ta sha ɗaukewar wuta, batirin agogonta ya mutu, tana iya buga wa fayil kowace rana. Ka ga 1 ga Janairu 1970, farkon ƙirgen Unix ne. Ka ga 1980, farkon ƙirgen zip ne. Ba ɗayansu da ke nufin komai game da laburaren. Abin da ya fi su amfani shi ne asalin ƙunshin `tar` in yana nan, domin `tar -tvf` yana nuna sunan mai fayil da ranarsa kamar yadda suke a kwamfutar wanda ya naɗe shi.

Kuɗi babu, sai yini ɗaya ko biyu. Sauƙi kuwa, ɗan bautar ƙasa mai natsuwa zai iya. Matsalar ita ce duk abin da ka karanta, hannu zai iya rubuta shi. Wanda ya rage jinkirin wani sel don rahoto ya daina nuna ja ba zai taɓa kan fayil ba. Hanyar tana ba ka wanda ake zargi, ba ta yanke hukunci.

2. Kwatanta da kwafin da aka amince da shi

Da zarar hanya ta farko ta nuna maka dangi da bugu, sai ka samo wannan bugun daga tushe ka kwatanta. Umarnin `sha256sum` yana ba kowane fayil lambar shaida mai harafi 64. Waƙafi ɗaya ya sauya, lambar ta sauya gaba ɗaya. In lambobi biyu suka yi daidai, magana ta ƙare: fayil ɗaya ne, ba a taɓa shi ba. A duk hanyoyin nan babu hujjar da ta kai wannan ƙarfi a kan wannan farashi. Tsofaffin takardun fitarwa sukan zo da lambar MD5. Ta isa gano lalacewa ko gyaran hannu, amma tun 2004 aka nuna ana iya haɗa fayiloli biyu masu MD5 ɗaya da gangan, don haka sabon rajistar da za ka rubuta ka yi shi da SHA-256.

Wahalar tana farawa ne in lambobin suka saɓa, domin saɓani ba lallai ne ya zama laifi ba. Fayil da ya ratsa ta Windows yana iya dawowa da ƙarshen layi daban, ma'ana ba ta sauya ba amma lamba ta sauya. A sky130 abin ya fi haka: a ma'ajiyar asali, fayilolin Liberty ana haɗa su ne daga gutsattsarin JSON, sannan open_pdks na Tim Edwards yana yi wa wasu fayiloli gyara lokacin girkawa. Ke nan abin da za ka kwatanta da shi shi ne girkin da aka yi da lambar komit iri ɗaya, wato lambar da ma'ajiya ke ba kowane gyara, ba ɗanyen tushe ba. Sa'a ɗaya, girkin yakan bar fayil `SOURCES` da `nodeinfo.json` masu faɗin wannan lambar. Haka kuma fayiloli irin `trimmed.lib` da `merged.lef` ba laburare ba ne na kowa. OpenLane, manhajar harhaɗa zane ta buɗe, ita ce ke haifar da su a tsakiyar aiki, tana cire wasu sel tana haɗe wasu fayiloli. Na sha ganin an kwafe irinsu an mai da su laburaren dindindin, a manta cewa ragowar wani aiki ne.

In lamba ta saɓa, sai ka sauko mataki na biyu. Fayilolin rubutu ka gyara ƙarshen layi ka cire sharhi ka yi `diff`. Zane kuwa ka yi masa XOR a KLayout, ko da `strmxor` daga layin umarni: yana ɗora zane biyu kan juna ya nuna maka siffar da ke ɗaya babu ita a ɗayan, hawa-hawa. Sakamako fayau yana nufin siffofin ɗaya ne ko da rana da jerin sel sun bambanta. Fayil ɗin `.db` kuwa haɗaɗɗe ne da Library Compiler ya fitar daga `.lib`, ba a kwatanta shi kai tsaye. Ka nemo `.lib` ɗin da ya haife shi, in kuwa babu, wannan kansa abin rubutawa ne a rahoto.

Kuɗinta data ne da faifai. PDK yana da nauyi, don haka a sauke sau ɗaya inda intanet ke da ƙarfi a ajiye. Sharaɗinta guda ne kuma mai tsauri: sai kwafin amana ya samu. Ga laburare na buɗe kamar sky130, GF180MCU na GlobalFoundries da aka buɗe a 2022, ko SG13G2 na cibiyar IHP ta Jamus, tarihin yana fili. Ga na sirri, sai mai shi ya ba ka. Kwafin abokinka na wata jami'a ba kwafin amana ba ne. In naku ya yi daidai, abin da kuka tabbatar kawai shi ne daga wuri ɗaya kuka samo.

3. Tambayar mai shi, da tonon takardu

Tambaya ta uku, ta izini, wannan hanyar ce kaɗai ke amsa ta. PDK na kasuwanci yana zuwa ne ƙarƙashin yarjejeniyar riƙe sirri tsakanin masana'anta da wata hukuma takamaimai, wani lokaci ta hannun dillalan jami'o'i irin Europractice a Turai ko MOSIS, wadda aka kafa a Amurka a 1981. Ka duba ofishin shugaban sashe, akwatin imel na wanda ya sa hannu, da takardun biyan kuɗi. Ka kira wanda ya girka sabar; gaisuwa da tambaya ɗaya a WhatsApp kan rage maka aikin mako.

Kuɗi kusan babu, amma amsar masana'anta tana iya ɗaukar makonni, kuma in ba ku da yarjejeniya mai rai ba lallai su kula ku ba. Haɗarin a bayyane yake: kana iya gano cewa fayilolin sun shigo ne a jakar wani da ya dawo daga karatu, ba da sunan wurin aikinku ba. In haka ne, ba batun injiniya ba ne kuma, a kai shi ga shugabanni. Kuma kada garin neman taimako ka ɗora irin wannan fayil a GitHub ko ka liƙa shi a wani dandali ko manhajar hira ta intanet. Wannan kaɗai karya yarjejeniya ne.

4. Sake aunawa da kanka

A nan ba ka tambayar wa ya yi fayil, kana tambayar ko gaskiya yake faɗa. Matakai uku ne, tsadarsu na hawa. Na farko, duba ko ɓangarorin laburaren sun yarda da juna: sunayen sel da ƙafafunsu a `.lib` da `.lef` da Verilog da GDS su zo ɗaya, girman sel a LEF, fayil mai faɗin girma da ƙafafun kowane sel, ya yi daidai da zane. A laburaren `hd` na sky130, misali, tsayin layin sel maikiromita 2.72 ne, ka ga wani abu daban, an cakuɗa iyali biyu. Ɗan rubutun Python ya isa wannan, kuma shi ke kama cutar da ta fi yawa, wato LEF na wani bugu da Liberty na wani.

Na biyu, DRC da LVS da dokokin masana'anta na yanzu: zanen sel ya bi ƙa'idar ƙira, kuma ya dace da jerin transistocinsa. Magic da Netgen da KLayout kyauta ne ga tsarin da aka buɗe. Ga na kasuwanci galibi sai Calibre ta Siemens ko makamanciyarta, da lasisinta.

Na uku, sake fitar da lambobin jinkiri da na shan wuta daga kwaikwayon SPICE, wato gwada da'ira a kwamfuta. Manhajojin wannan aiki, irin Liberate ta Cadence da PrimeLib ta Synopsys, lasisinsu na dala ne, kuma cikakken laburare a yanayin aiki da yawa yana cin injuna na kwanaki, abin da a Abuja ke nufin inbata da janareta su tsaya da ƙafarsu. Shawarata ita ce kada ka fara da cikakke. Ɗauki sel kaɗan, inbata ta lojik ɗaya, NAND ɗaya, filif-filof ɗaya, ka gwada su a ngspice da ainihin samfurin transisto na masana'anta, ka ga ko lambobinka sun kusanci na cikin tebur. Ɗan bambanci dole ne, domin yadda aka saita awo ya bambanta. Bambanci mai yawa a sel ɗaya tak, sauran kuwa lafiya, alamar hannu ce.

Wannan hanya na buƙatar gwani, kuma haɗarinta shi ne ta ba ka natsuwar da ba ta dace ba. Laburaren Nangate na nanomita 45 da aka gina kan FreePDK45 na jami'ar jihar North Carolina, da ASAP7 na jami'ar jihar Arizona, za su ci duk jarrabawar da ka yi musu da nasu samfurin, amma don koyarwa da bincike aka yi su, babu masana'antar da ke ƙera su.

5. Watsar da tsoho, ɗauko sabo

Ita ce zaɓin da mutane ke jin kunyar faɗa, ni kuwa ina ganin ita ce daidai a mafi yawan lokuta. In sabon zane za ka fara, me ya kai ka tonon asalin fayil ɗin da masana'anta ma ba za ta karɓi zane a kansa ba? Masana'antu suna son a yi aiki da bugun da suke tallafawa a lokacin. Ka sauke sabo daga tushe, ka rubuta lambarsa, ka rufe tsohuwar folda a faifai biyu, waɗanda ba za su gagare ka a kasuwar Banex ba, ka ajiye ɗaya a wani gini daban.

Tsadarta tana cikin ƙaura. Sunayen sel kan sauya, wasu sel an cire su, rubutattun umarni da suka saba da tsohuwar hanya za su karye, kuma zanen analog da aka yi da hannu yana iya faɗuwa a sabuwar dokar DRC. Inda ba ta aiki sam shi ne in akwai aisin da aka riga aka ƙera da tsohon laburaren, yana hannun kwastoma ko yana kan teburin gwaji yana ba da matsala. A nan tsohon fayil shi ne shaidar abin da ke cikin silikon, ba yadda za a yi ka maye gurbinsa.

6. Manhajar kula da bugu

Git, Subversion, Perforce, ko waɗanda aka gina don zanen aisi: SOS na Cliosoft da Keysight ta saya a 2023, IPLM na Methodics da ya koma Perforce a 2020, DesignSync na Dassault Systèmes, da na IC Manage. Duk wanda ka ɗauka, tarihinsa yana farawa ne ranar da ka zuba fayil a ciki. Ka zuba folda marar asali, ka samu folda marar asali mai lambar bugu. Sai dai in an taɓa amfani da irinsu a da: ɓoyayyar folda `.svn` ko `.git` ko `CVS`, layin `$Id$` a kan fayil, ko layin `DMTYPE` a `cdsinfo.tag`, duk suna nuna akwai wata ma'ajiya a wani wuri da ta cancanci nema.

Ga ƙaramar tawaga, Git ya isa fayilolin rubutu, amma GitHub ba ya karɓar fayil da ya haura megabait 100 sai ta Git LFS, kuma zane ba ya haɗuwa in mutum biyu suka gyara shi lokaci ɗaya, dole a yi amfani da kulle. Subversion ya tsufa amma kullensa mai sauƙi ne, yana zama lafiya a saba ɗaya cikin ofis ba ruwansa da intanet. Perforce yana da damar kyauta ga mutum biyar. Manyan kuwa suna shiga cikin Virtuoso, manhajar zane ta Cadence, kai tsaye, suna iya faɗa maka wane bugu na wane laburare ya shiga wane aisi, farashinsu kuma ciniki ne da kamfani, da dala, duk shekara. Ga tawagar mutum huɗu ko shida, fayil ɗin rubutu guda mai sunan kowane laburare, tushensa, bugunsa, ranar saukewa, lasisinsa da lambar SHA-256, a ajiye shi a Git, yana yin mafi yawan aikin.

| Hanya | Abin da take amsawa | Ƙarfin hujja | Kuɗi | Sauƙi | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Alamun jikin fayil | Dangi da bugu | Alama kawai | Babu | Mai sauƙi | Sai an rubuta | Yarda da abin da hannu ya gyara |
| Kwatanta da kwafin amana | An taɓa ko ba a taɓa ba | Mafi ƙarfi | Data da faifai | Matsakaici | Mai ɗorewa | Kwafin da ba na amana ba |
| Mai shi da takardu | Izini | Mai ƙarfi in a rubuce ne | Lokaci | Ya dogara da mutane | Mai ɗorewa | Tono matsalar lasisi |
| Sake aunawa | Gaskiyar lambobi | Mai ƙarfi a fanninsa | Daga kyauta zuwa tsada sosai | Sai gwani | Har dokoki su sauya | Natsuwar ƙarya |
| Ɗauko sabo | Ba ta amsa komai, tana kauce wa tambayar | Asali sananne daga yau | Aikin ƙaura | Matsakaici | Mai ɗorewa | Karyewar tsohon zane |
| Manhajar bugu | Gobe kawai | Babu ga abin da ya wuce | Daga kyauta zuwa dala | Ya bambanta | Mafi ɗorewa | Saye don amsa tambayar jiya |

Wa zai ɗauki wacce

Ɗalibi ko malamin da koyarwa kawai yake yi, ba za a ƙera komai ba: hanya ta farko ta ishe ka ka tabbatar ba fayil ɗin sirri ne ya ɓuya a sabar ɗalibai ba, daga nan ka koma ta biyar da PDK na buɗe. Kada ka ɓata zangon karatu kana bincike.

Tawagar da za ta tura sabon zane masana'anta: ta biyar, sannan rajistar SHA-256 tun ranar farko. In akwai wani tsohon ɓangare da dole sai an ɗauko shi, shi kaɗai za a yi wa ta biyu da matakai biyu na farkon ta huɗu.

Wanda aisinsa ya dawo ba ya aiki yadda aka zata: ta farko, ta biyu, sannan ta huɗu a kan sel ɗin da ke hanyar da ta gaza. Ka fara da rahotannin aikin da aka tura, domin manhajoji sukan rubuta cikakkiyar hanyar kowane laburaren da suka karanta, kuma GDS ɗin da aka tura yana ɗauke da ainihin sel ɗin da za ka yi wa XOR.

Kamfanin da zai sayar da zane, ko yake neman mai zuba jari, ko zai shiga kwangila da wani na waje: ta uku ce farko, kafin a kashe ko sisi a sauran. Duk fayil ɗin da ba a samo masa takarda ba, a cire shi daga abin da za a miƙa.

Tawagar da ta haura mutum goma, ko take aiki daga wuri biyu, ko take riƙe da PDK fiye da ɗaya na sirri: a nan ne manhajar kuɗi ta fara cancanta, amma a gama ta farko da ta biyu tukuna, a zuba mata abin da aka tantance, sauran a ajiye su a folda daban mai alamar cewa ba a san asalinsu ba.